Yadda Ake Karanta Silaid ɗin Haƙori da Naman Baki a Ƙarƙashin Maikuroskof

Ɗalibin likitancin haƙori a Legas, ko a Kwalejin Koyon Aikin Likita ta Jami'ar Legas da ke Idi-Araba yake, inda aka buɗe makarantar likitancin haƙori ta farko a Najeriya a 1966, ko kuma a ta Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, ba zai kai ga taɓa bakin majinyaci ba sai ya haye darasin nazarin haƙori da naman baki a ƙarƙashin maikuroskof. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da ke wannan karatu, na Agege da Mile 12 da waɗanda suka zo daga Arewa, suna tunkarar darasin ne da hadda: su ɗauki hoton silaid, wato gilashin da aka manna siririn yankan nama a kansa, da waya, su haddace launinsa da sunansa, ranar jarrabawa kuma a ajiye musu wani yanka daban na wannan naman, sai ido ya raina fata. Launi yana sauyawa daga ɗakin gwaji zuwa wani, har ma yana kodewa idan silaid ya tsufa. Abin da ba ya sauyawa shi ne yadda aka jera ƙwayoyin halitta, domin kowane nama a cikin baki siffarsa tana bin aikin da yake yi. Wanda ya saba tambayar kansa aikin da naman ke yi zai gane shi ko da bai taɓa ganin wannan silaid ɗin ba.

Mataki na farko: ka san yadda aka shirya silaid ɗin

Kafin ka sa ido a na'ura, ka ɗaga gilashin sama ka dube shi a haske. Haƙori yana da tauri ƙwarai, wuƙar yanka nama ba ta cinsa, saboda haka hanyoyi biyu ake bi, kuma kowace tana salwantar da abin da ɗayar ke adanawa.

Hanya ta farko ita ce gugawa. Ana tsaga haƙorin da aka cire da faifan yanka, a riƙa goga shi a kan dutsen wasa ana zuba ruwa, har ya zama siriri kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita ko ƙasa da haka, yadda haske zai ratsa shi. Sai a wanke, a bi da shi cikin barasar gwaji da zailin, a manna a gilashi. Irin wannan silaid ba shi da rini. Za ka gan shi fari-fari ko ruwan ƙasa mai haske. Inamel, wato farin ɓawon kan haƙori, da dentin da ke ƙarƙashinsa, da siminti, wato ɓawon da ya lulluɓe saiwa, duk suna nan, amma ɓargon haƙori da duk wani nama mai laushi sun tafi. Ramukan da ƙwayoyin halitta suka bari iska ce ke cike su, shi ya sa suke fitowa baƙaƙe. Idan an ba ka aikin shirya irinsa, kada ka karɓi haƙori daga ko'ina sai ta hannun sashenku, a jiƙe cikin fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, mai kashi 10 cikin 100, kuma ka sa safar hannu da takunkumi da tabarau, domin ƙurar gugar tana ɗauke da ƙwayoyin cuta.

Hanya ta biyu ita ce narkar da ma'adinin. Ana kafe naman da fomalin, sannan a jiƙa shi a ruwan asid na wasu kwanaki, ko a sinadarin EDTA wanda yake ɗaukar makonni amma ya fi tausaya wa ƙwayoyin halitta. Bayan ya yi laushi sai a dasa shi cikin kakin farafin, a yanka da maikurotom, na'urar yanka siriri, kaurin maikuromita 4 zuwa 5 (maikuromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a rina da himatoksilin da iyosin. Na farko yana mayar da cibiyar ƙwaya shuɗiya mai duhu, na biyu kuma yana ba jikin ƙwaya da zaren kolajin, wato zaren da ke riƙe nama, launin hoda. A nan ɓargo da ƙashi da dasashi duk sun fito, amma inamel ya narke, sai fili fari a gurbinsa. Duk ɗalibin da ya nuna wani abu mai launin hoda a irin wannan silaid ya ce inamel ne na haƙorin babba, ya tona asirin kansa cewa bai fara tambayar kansa yadda aka shirya silaid ɗin ba.

Mataki na biyu: saita na'ura

Ka fara da ƙaramin ido mai lamba 4, wanda idan aka haɗa da na sama mai lamba 10 yake ninka abu sau 40. Ka zagaya silaid ɗin gaba ɗaya tukuna, ka nemo gefe da saman nama, sannan ka hau lamba 10, daga baya 40. Da zarar ka kai 40 kada ka ƙara taɓa babban majuyin daidaita gani, ƙarami kaɗai, in ba haka ba ido zai fasa gilashin. Silaid ɗin guga yana son a ɗan rage buɗewar haske, domin layukansa suna ɓacewa idan haske ya yi yawa.

Laimar Legas tana sa fumfuna ta fito a gilasan na'ura, kuma sabon ɗalibi yakan ɗauki zarenta a matsayin wani sashe na nama. Ka motsa silaid: abin da ya tsaya cik ba na silaid ba ne. Ka juya idon sama: idan ɗigon ya juya tare da shi, dattin yana can.

Mataki na uku: ka fara da bakinka

Ka ɗauki tsinken auduga mai tsabta ka ɗan kankari cikin kuncinka a hankali, ka shafa a tsakiyar gilashi, ka ɗiga shuɗin metilin ɗigo ɗaya, ka kwantar da murfin gilashi a karkace don kada kumfa ta shiga. A lamba 40 za ka ga manyan ƙwayoyi shimfiɗaɗɗu masu gefe ba daidai ba, faɗin kowace kusan maikuromita 50, wasu a naɗe, wasu a kan juna, kowace da cibiya ƙarama a tsakiya. Ƙananan ɗigo da sanduna da ke manne a jikinsu bakteriya ne na baki, kuma ba alamar cuta ba ce. Abin lura shi ne cibiyar: ƙwayoyin saman kunci suna faɗowa da cibiyarsu a ciki, kuma wannan hujja ce za ta yi maka amfani idan an zo kan fatar baki.

Mataki na huɗu: haƙorin guga, daga waje zuwa ciki

Ka fara daga kan haƙori. Inamel ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, kuma kaurinsa yakan kai milimita 2.5 a kan tsinin matauni, ya yi ta sirancewa har ya ƙare a wuyan haƙori. Babu ƙwayar halitta ko ɗaya a cikinsa. Ƙwayoyin da suka gina shi, amiloblas, suna ƙarewa ne bayan haƙori ya ɓullo, saboda haka abin da ya gutsure ba ya tsirowa. Za ka ga sanduna sirara da suka taso daga iyakar dentin zuwa waje, faɗin kowace kamar maikuromita 5, da wasu layuka ruwan ƙasa da ke ratsa su a karkace, wato layukan Retzius, waɗanda ke nuna zangon da aka bi wajen ginin. A haƙoran yara akwai layi ɗaya da ya fi sauran duhu, wanda yake raba inamel ɗin da aka gina a ciki da na bayan haihuwa. Tunda a lokacin ginin ake rubuta komai, yaron da ya tashi da ruwan rijiya mai fuloraid da yawa yakan fito da tabo a cikin inamel ɗin kansa, wanda ba ya gogewa, saɓanin jan goro da ke zama a saman haƙori da cikin tsage-tsagensa.

Iyakar inamel da dentin ba miƙaƙƙiya ba ce, lanƙwasa-lanƙwasa take, kuma wannan yana ƙara musu riƙo. Abubuwa uku ake yawan tambaya a wannan wuri, kuma tsawonsu ne ke raba su. Wanda ya tashi daga saman haƙori ya nufo ciki, dogo siriri, shi ne lamela. Wanda ya tashi daga iyakar ya bazu ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin inamel ko ƙasa da haka, shi ne tuntu. Gajere baƙi mai kan kulki, wanda ya fi yawa a ƙarƙashin tsinin haƙori, ƙarshen bututun dentin ne da ya tsallaka iyaka.

Dentin shi ne gangar jikin haƙori: ma'adini kusan kashi 70, kolajin da danginsa kashi 20, ruwa kashi 10. Alamarsa ita ce dubban bututu sirara da suka tashi daga ɓargo zuwa waje, suna lanƙwasa irin ta harafin S a kan haƙori, suna miƙewa a saiwa. A cikin haƙori mai rai kowane bututu yana ɗauke da ruwa da kuma wutsiyar odontoblas, ƙwayar da ke gina dentin. A nan ne bayanin tsamin haƙori yake. Idan dasashi ya janye, ko an cinye wuyan haƙori da buroshi mai tauri ko tsananin gugar asuwaki, bakin bututun yana buɗewa. Mutum ya kurɓi fiya wata mai sanyi, ruwan da ke cikin bututun ya motsa, jijiyar da ke gindinsa ta amsa nan take. Likitan Suwidin Martin Brännström ne ya kafa wannan bayani a shekarun 1960, kuma har yau shi aka fi karɓa.

Iyakar inamel da dentin kuma ita ce ke bayyana abin da mutanenmu ke kira tsutsar haƙori. Babu tsutsa, bakteriya ne ke mayar da sukari asid, kuma inamel yana fara narkewa idan tsami ya yi yawa har ma'auninsa na pH ya sauka ƙasa da 5.5. Idan ɓarnar ta huda inamel ta kai dentin, wanda ya fi laushi, sai ta bazu gefe da gefe ta bi bututu. Shi ya sa ake ganin ɗan rami a waje alhali kogo ne a ciki. A silaid, ka nemi baƙaƙen hanyoyi da suka tashi daga wurin ɓarnar zuwa ɓargo, wato bututun da ƙwayoyinsu suka mutu iska ta cike su, kuma a ƙarshensu sau da yawa za ka tarar da wani dentin marar tsari da ɓargo ya gina don kare kansa.

Ka gangara saiwa. Dab da gefen dentin akwai wani layi mai tsaba-tsaba baƙi, layin Tomes, wanda ba a samunsa a kan haƙori, saboda haka ganinsa kaɗai ya isa ya gaya maka cewa a saiwa kake. Bayansa sai siminti, wanda taurinsa ya yi kusa da na ƙashi amma ba shi da hanyar jini. Kusa da wuya siriri ne ba ƙwaya. Kusa da ƙarshen saiwa ya fi kauri, da baƙaƙen ramuka masu ƙafafu da suka fi fuskantar waje, inda abincinsu ke zuwa. A wurin da siminti ya haɗu da inamel, a kusan kashi 60 yana ɗan hawa kansa, a kusan kashi 30 suna haɗuwa baki da baki, a sauran kuma akwai giɓi da ya bar dentin a fili.

Mataki na biyar: haƙorin da aka narkar

Yanzu ka karanta daga dentin zuwa tsakiya. Dentin ya zama hoda, sai wani siririn layi mai haske wanda bai riga ya ƙandare ba, sai jerin odontoblas dogaye a tsaye kafaɗa da kafaɗa. Ƙarƙashinsu akwai fili mai ƙarancin ƙwayoyi, filin Weil, sai fili mai yawan ƙwayoyi, sai tsakiyar ɓargo mai hanyoyin jini da jijiyoyi. Nama ne mai laushi da aka kulle cikin bango mai tauri, ƙofarsa ɗan rami a ƙarshen saiwa. Idan ya kumbura ba shi da inda zai buɗa, kuma wannan ne dalilin zogin da ke hana barci. Dunƙule mai zobe-zobe a cikin ɓargo tsakuwar ɓargo ce, an fi ganinta a haƙoran manya.

Tsakanin siminti da ƙashin muƙamuƙi akwai tantanin riƙo, faɗinsa bai wuce milimita 0.15 zuwa 0.38 ba. A ganina wannan ne wuri mafi daɗin kallo a darasin gaba ɗaya. Mafi yawan zarensa a karkace suke: sun kama ƙashi daga sama, sun gangara sun kama siminti a ƙasa, ta yadda haƙori yake rataye a raminsa kamar ƙwarya a ragaya. Idan aka tauna abu mai tauri, nauyin ba ya danna ƙashi, sai ya koma jan zare, kuma ƙashin muƙamuƙi ja ne ke sa shi ginuwa, danna kuwa yana sa shi zaizayewa. Ƙarshen zaren da ya nutse cikin ƙashi da siminti shi ake kira zaren Sharpey. Ka hau lamba 40 ka bi gefen siminti a hankali, za ka ci karo da ƙananan tsibirai na ƙwayoyi shuɗaye a dunƙule, ragowar Malassez. Ka riƙe su a zuciya, za mu sake haɗuwa da su.

Mataki na shida: fatar baki

Ko'ina a baki saman nama efitiliyom ne, wato shimfiɗar ƙwayoyin da ke lulluɓe nama, mai hawa-hawa, ƙwayoyin ƙasa a tsaye, na sama a shimfiɗe, da naman haɗi a ƙarƙashi. Tambayoyi uku za su raba maka silaid. Akwai keratin, wato sinadarin da ke taurara saman fata, a sama? Yaya iyakar efitiliyom da naman haɗi take? Me ke ƙarƙashi, ƙashi ko tsoka ko matatsar yawu?

Wuraren da abinci ke gurza, wato dasashi da ganɗa, suna da keratin, wani layi mai hoda sosai a can sama. Idan babu cibiya a layin, keratin ɗin ya nuna sarai, irin wanda aka fi gani a ganɗa. Idan akwai ƙananan cibiyoyi shafaffu, bai gama nuna ba, irin na yawancin dasashi, kuma wannan ba cuta ba ce a baki. Iyakarsu da naman haɗi tana da dogayen yatsu sirara masu shiga juna, kuma a dasashi da tsakiyar ganɗa naman haɗin manne yake da ƙashi kai tsaye, abin da ya sa allura a wurin take da zafi. Kunci da cikin leɓe da ƙasan harshe da ganɗa mai laushi, waɗanda suka kai kusan kashi 60 na faɗin baki, ba su da keratin domin aikinsu miƙewa ne. Ƙwayoyin samansu suna riƙe da cibiya, irin waɗanda ka kankaro daga kuncinka. Ƙasan harshe ya fi ko'ina siranta, jini kuma yana kusa, shi ya sa ake ajiye wasu magungunan zuciya a wurin. Ƙasan baki da gefen harshe kuma suna cikin wuraren da kansar baki ta fi kamawa, musamman ga masu shan taba da giya, saboda haka gyambo ko farin tabon da ya wuce mako biyu bai warke ba yana buƙatar idon likita.

A jerin ƙwayoyin ƙasa za ka ga tsaba ruwan ƙasa, musamman a silaid ɗin dasashin mutanenmu. Melanin ne, sinadarin da ke ba fata launi. Yawan ƙwayoyin da ke yin sa kusan ɗaya ne a fari da baƙi, bambancin yana ga yawan abin da suke fitarwa, don haka baƙin dasashi ko mai dabbare-dabbare lafiyarsa ƙalau. Inda dasashi ya rungumi wuyan haƙori akwai ɗan kwari da bai kamata zurfinsa ya wuce milimita 3 ba, kuma a gindinsa akwai siririn efitiliyom da ke manne da haƙorin kansa. Ƙwayoyinsa ba su matsu da juna sosai ba, fararen ƙwayoyin jini suna ratsawa, kuma daga nan ciwon dasashi yake farawa.

Silaid ɗin leɓe yana rikita ɗalibai domin fuska biyu gare shi. Gefen da ke da saiwar gashi shi ne waje, gefen da ke da ƙananan matatsun yawu shi ne ciki, tsoka tana tsakiya.

Mataki na bakwai: harshe da matatsun yawu

Harshe ana gane shi da tsokar da zarenta ya bi fuska uku yana saƙa juna. A samansa akwai ƙananan tsiro masu kama da ƙuraje, waɗanda suka fi yawa masu tsini ne da keratin, kuma ba su da ƙwayar ɗanɗano. Aikinsu riƙe abinci. Masu faɗin kai da ke warwatse a tsakaninsu suna da 'yan ƙwayoyin ɗanɗano a sama. Manyan da ke jere a can baya, guda 8 zuwa 12, kowane yana kewaye da kwari, ƙwayoyin ɗanɗano kuma a bangon kwarin suke, masu haske, ƙarƙashinsu matatsun von Ebner suna zubo ruwa mai wanke kwarin.

Baligi yana fitar da yawu kamar rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, mafi yawansa daga manyan matatsu uku a kowane gefe. Ka koyi raba ƙullutu iri biyu, wato dunƙulen ƙwayoyin da ke yin yawu. Mai yin yawu tsinkakke yana da duhu, cibiyarsa zagayayyiya, jikinsa da tsaba. Mai yin yawu mai yauƙi fari-fari ne kamar ba komai a ciki, cibiyarsa a shafe a gindi. Matatsar gaban kunne, wadda hangum ke kumbura wa yara, duk ƙullutunta masu duhu ne, da ƙwayoyin kitse a tsakani. Bututunta yana buɗewa a kunci daura da matauni na biyu na sama. Ta ƙarƙashin muƙamuƙi gauraye ce amma masu duhu sun rinjaya, ita ce ke ba da mafi yawan yawu idan ba a cin abinci, kuma ita ce tsakuwa ta fi toshewa. Ta ƙarƙashin harshe farare sun rinjaya. A gaurayayyun za ka ga masu duhu sun yi wa farare hula mai siffar jinjirin wata. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa yawancin wannan siffa hanyar kafe nama ce ke haifar da ita, amma har yanzu ana tambayarta, kuma tana taimakawa wajen ganewa.

Mataki na takwas: haƙorin ɗan tayi

Ginin haƙori yana farawa wajen mako na 6 na ciki, ya bi matakin toho, da hula, da ƙararrawa. A matakin ƙararrawa ka ƙirga hawa huɗu daga waje: jerin gajerun ƙwayoyi, sai fili mai ƙwayoyi masu siffar taurari, sai siririn layi mai hawa biyu ko uku, sai jerin dogayen ƙwayoyi da za su zama amiloblas. Kullum dentin ne ake fara zubawa kafin inamel. Inda jerin waje da na ciki suka haɗu, suna gangarawa su zama kuben Hertwig wanda ke tsara siffar saiwa, sannan ya wargaje ya bar tsibiran Malassez. Idan ɓargo ya mutu, ruɓa ta daɗe a ƙarshen saiwa, waɗannan tsibirai ne ke farkawa su zama jakar ruwa a cikin ƙashi. Haka nan amiloblastoma, ƙarin muƙamuƙi da likitocin Najeriya ke yawan gani, musamman a muƙamuƙin ƙasa, yana kwaikwayon wannan mataki ne: dogayen ƙwayoyi a gefe, masu siffar taurari a tsakiya.

Mataki na tara: zane da gwajin kai

Ka zana kowane silaid da hannunka, da fensir mai launin hoda da mai shuɗi, na guga kuma da baƙin fensir, kana kallon na'ura ba littafi ba. Ƙarƙashin zanen ka rubuta hujjoji uku da suka sa ka kira shi da wannan suna, da nama ɗaya da yake kama da shi, da abin da ya raba su. Hoton waya yana da amfani a danfo ko idan wuta ta ɗauke, amma ka ɗauki na lamba 4 tare da na 40, domin na kusa shi kaɗai ba ya nuna inda kake. Ku haɗu da abokin karatu, ɗaya ya rufe lakabin silaid da takarda ya ba ɗaya minti ɗaya, tunda a jarrabawa lokaci kaɗan ake bayarwa a kowace na'ura kafin a kaɗa ƙararrawa. Ku fi ba da ƙarfi ga masu kama da juna: siminti mai ƙwaya da ƙashi, inda hanyar jini ke nuna ƙashi, ganɗa da dasashi, inda kitse ko matatsun yawu ke nuna ganɗa, da matatsar gaban kunne da fankiriyas, inda bututu masu zane-zane a gindin ƙwayoyinsu ke nuna ta yawu, tsibirai masu haske kuma ke nuna fankiriyas.